Labarin Ambursa, Garin da ke Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu

1. Inda garin ya ke

Ya kai mai karatu, in ka tashi daga Birnin Kebbi ka kama hanyar Argungu, ba za ka yi nisa ba sai ka iso wani gari a bakin hanya, sunansa Ambursa. Mai mota ya kan kai cikin 'yan mintoci kaɗan. Mai tafiya ƙasa kuwa, in ya yi sammako, kafin rana ta take ya iso. Yawancin matafiya ba su tsayawa, sai su leƙa ta tagar mota su wuce, suna tsammani gari ne kamar sauran garuruwan hanya. Amma sarakunan Gwandu sun taɓa zama cikinsa, daga nan kuma aka yi ta fita yaƙi shekara da shekaru.

Kafin mu shiga labarin, sai ka fara sanin yadda ƙasar ta ke. In ka tsaya Ambursa, Birnin Kebbi na yamma da kai, ta ɗan karkata kudu. Argungu na arewa maso gabas. Tsohon garin Gwandu na gabas. Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu wajen kilomita 50 ne, Ambursa kuwa ta fi kusa da Birnin Kebbi ƙwarai.

Garin yana kan tudu, a ƙarƙashinsa kuma ga fadama shimfiɗe, iyakar ganinka. Cikin fadaman nan Gulbin Rima ke gudu. Shi ne wanda mutanen dā ke kira Gulbin Kabi. Ya haɗu da Gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, ya biyo ta Argungu, ya wuce Birnin Kebbi, ya karɓi ruwan Gulbin Zamfara, sa'an nan ya faɗa Kwara.

To, riƙe abu biyun nan, hanya da fadama. Duk abin da ya sami Ambursa, na daɗi da na wuya, ta wajensu ya zo.

2. Kanta da Kabawa

Mutanen da suka fara mulkin kwarin nan su ne Kabawa. Ƙasarsu Kabi a ke ce mata. Ita ce yanzu a ke rubutawa Kebbi, kada rubutun biyu ya ruɗe ka, abu ɗaya ne.

Wanda ya ɗaukaka Kabi shi ne Muhammadu Kanta. Dā yana cikin manyan mayaƙan da ke bin Askiya Muhammadu, Sarkin Songhai, mai mulki a birnin Gao can bakin Kwara. Suka tafi yaƙin Agadas tare. Da suka komo sai rigima ta tashi tsakaninsu wajen rabon ganima. Kanta ya ce ya daina bi. Wannan ya faru wajen shekara ta 1516. Askiya ya aiko da rundunarsa, ba ta iya masa ba. Daga nan Kabi ta tsaya da ƙafarta.

Kanta ya gina birnin Surame, ya kewaye shi da ganuwa ta dutse da ƙasa. Har yanzu kufan birnin na nan cikin Jihar Sakkwato, wanda ya je ya ga ragowar ganuwar zai san ba ƙaramin aiki aka yi ba. Ƙarfin Kabawa kuwa ba ga ganuwa kaɗai ya ke ba. Mutanen ruwa ne, masunta da manoman shinkafa. Sun san mashigai, sun san inda laka ke kama doki, suna da jiragen ruwa. Baƙon da ya kawo musu yaƙi da damina, fadama kaɗai ta ishe shi.

Bayan zamanin Kanta, cikin farkon ƙarni na 18, wani Sarkin Kabi mai suna Tomo ya bar Surame ya komo Birnin Kebbi da zama. Nan sarautar Kabi ta zauna har zuwan jihadi.

3. Jihadi da yaƙin Alwasa

Cikin 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, yaƙi ya tashi tsakanin jama'arsa da Sarkin Gobir Yunfa. Cikin 1805 ƙanen Shehu, Malam Abdullahi, ya jawo runduna ya ci Birnin Kebbi. Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita ya bar garin. A cikin shekaran nan kuma Shehu da jama'a suka komo Gwandu da zama.

Kabawa ba su haƙura ba. Kafin shekara ta ƙare suka haɗa kai da Gobirawa da Abzinawa, suka taso. Aka gamu a Alwasa. In ka wuce Ambursa kana tafiya Argungu, za ka bi ta garin nan na Alwasa, yana nan har yau. A wurin nan jama'ar Shehu suka sha kashi mai tsanani, mutane da yawa suka mutu. Waɗanda suka saura suka ja da baya zuwa Gwandu. Abokan gaba suka bi su har can, amma wannan karon aka kore su.

Da ƙasa ta samu, Shehu ya raba aikin mulki biyu. Ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas, ya ba ƙanensa Abdullahi yamma. Asalin sarautar Gwandu ke nan. Ikonta ya kai har Nufe da Ilori wajen kudu, ya haye Kwara wajen yamma. Malam Abdullahi babban malami ne, ya wallafa littattafai masu yawa, hubbarensa na cikin garin Gwandu.

Ka lura da abu ɗaya. Garuruwan da ke bin Gwandu suna nesa, tafiyar kwana da kwanaki. Kabawa kuwa da ba su yarda da ita ba suna nan bakin ƙofarta.

4. Abin da ya kawo sarakuna Ambursa

Cikin 1831 aka kashe Sarkin Kabi Karari, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato. Ya daɗe can a hannun Sarkin Musulmi. Mutane suka ce zancen Kabi ya ƙare. Ana nan, ana nan, sai aka sake shi ya komo gida. Cikin 1849 ya ta da tutar Kabi a Argungu. Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka goyi bayansa. Wuta ta kama kwarin Rima duka.

Bayan haka da shekara huɗu, watau cikin 1853, wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth, wanda mutane suka sani da Abdulkarimu, ya sauka Gwandu zamanin Sarki Halilu. Ya rubuta yadda ya tarar da hanyoyi ba lafiya saboda yaƙin. A Gwandu kuma ya sami wani littafin Larabci na tarihin Songhai, sunansa Tarihus Sudan, wanda ke ɗauke da labarin Kanta da Askiya. Ka ga amfanin rubutu: abin da aka yi tun shekara ɗari uku da suka wuce, baƙo ya zo ya tarar da shi ajiye cikin takarda.

Cikin 1860 Sarkin Gwandu Haliru ya fita yaƙi da Kabawa, aka kashe shi a fagen fama. Aliyu ya gaje shi, ya yi sarauta daga 1860 zuwa 1864. Daga zamanin nan ne Ambursa ta zama sansanin Gwandu mai fuskantar Argungu, sarakuna suka riƙa zama cikinta.

Irin wannan gari shi a ke kira ribaɗi. Ribaɗi gari ne da a ke ginawa a bakin iyaka, a zuba mayaƙa da iyalinsu, su yi noma su kuma yi tsaro. Muhammadu Bello ya yi irinsu da yawa, shi kansa ma a ribaɗin Wurno ya zauna har ya rasu.

Don me aka zaɓi Ambursa? Duba yadda muka kwatanta ƙasar da fari. Wanda ya riƙe Ambursa ya tare hanyar da ta taso daga Argungu zuwa Birnin Kebbi. Yana kan tudu, yana hangen fadama, ba mai hayewa bai gan shi ba. Gwandu kuma tana bayansa, ya zama mata garkuwa.

5. Zaman ribaɗi

Yanzu ka ɗan tsaya ka tuna yadda talaka ke zama a garin iyaka a wancan zamani, ko a gefen Gwandu ya ke ko a gefen Kabi, gama wahalar ɗaya ce.

Gari a kan kewaye shi da ganuwa, a haƙa gwalalo a bayanta, a bar sarƙaƙiya ta tsiro. Rana na faɗuwa a rufe ƙofofi. Wanda dare ya yi masa a waje, sai ya kwana a waje. Manomi ba ya zuwa gona mai nisa shi kaɗai. In za shi, fartanya a kafaɗa ɗaya, kwari da baka a ɗaya. Mata ba su zuwa itace ko ɗibar ruwa sai da rakiya. Da kaka ta yi, ruwa ya janye, ƙasa ta bushe yadda doki zai taka, sai a fara sauraron hari. Mahara su kan zo da asuba, su kore shanu, su ƙone rumbuna, su kama wanda suka samu. Wanda aka kama kuwa bawa ya zama, watakila danginsa ba su ƙara jin labarinsa ba.

Haka aka yi ta yi. Wajen 1867 aka yi sulhu zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, shi ya sa a ke kiransa Lafiyar Toga. Mutane suka sarara, fatake suka bi hanya. Amma bai wuce shekara takwas ba, cikin 1875 yaƙi ya komo.

Daga baya Sama'ila, wanda a ke kira Sama, ya hau sarautar Kabi cikin 1883. Jarumi ne, ya addabi garuruwan Gwandu da na Sakkwato. Wajen 1892 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya tara runduna ya zo Argungu, bai ci garin ba. Gwandu ba ta iya gama da Kabi ba, Kabi kuma ba ta iya komo da Birnin Kebbi hannunta ba. Shekara hamsin ana abu ɗaya, talakawan gefe biyu su ke biya da rayukansu da dukiyarsu.

6. Zuwan Turawa

Cikin 1902 sojan Ingila suka iso Argungu. Cikin watan Maris na 1903 suka ci Sakkwato. Gwandu ita ma ta shiga hannunsu. A cikin takardunsu na lokacin su kan rubuta sunan garin Ambrusa, don haka in ka gamu da wannan rubutu a tsohon littafi, Ambursa a ke nufi.

Gwandu ta yi hasara babba. Turawa suka raba ta da Nufe da Ilori, suka mai da su ƙasashe masu zaman kansu a ƙarƙashin Gwamna. Ƙasashenta na yamma kuwa suka faɗa rabon Faransa. Argungu aka bar ta da sarkinta.

Cikin 1906 mutanen wani ƙauye kusa da Sakkwato, sunansa Satiru, suka yi wa Turawa tawaye, suka kashe waɗansu daga cikinsu. Turawa suka komo da ƙarfi, suka hallaka garin da mutane masu yawa. Suka kuma tuhumi Sarkin Gwandu na lokacin da goyon bayan masu tawayen, suka tuɓe shi, suka naɗa Haliru. Daga zamanin wannan Haliru na biyu ne fadar Sarkin Gwandu ta koma Birnin Kebbi, can ta ke har yau.

Ka ga yadda duniya ke juyi. Birnin da ya ke na sarakunan Kabi, shi ya zama mazaunin Sarkin Gwandu. Sarkin Kabi yana Argungu. Ambursa kuwa, da sarki ya tashi, fadawa da mayaƙa da 'yan kasuwar da ke bin fada suka bi shi, ta koma garin manoma.

Yaƙi ya tsaya, amma abin da ke cikin zukata bai fita nan da nan ba. Sai cikin 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu. Kabawa suka tarye shi da babban su a gulbi, don su nuna masa abin da suka gada. Daga nan bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali. Masunta dubbai su kan jeru bakin Matan Fada, kowa da homarsa da gorarsa, a ba da alama su faɗa ruwa gaba ɗaya, wanda ya kamo giwan ruwa mafi girma shi ya ci. Cikin 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, mutanen kwarin nan kuwa sun fi kowa sanin gaskiyar maganar.

7. Fadama da shinkafa

Mun gama da tarihi. Yanzu sai mu duba abin da garin ke da shi a yau, mu fara da babbar dukiyarsa, watau fadama.

Manomin Ambursa gona biyu gare shi. A kan tudu yana shuka gero da dawa da wake da damina. A fadama yana shuka shinkafa. Kakanninsa suna da irin shinkafar da ke tashi tare da ruwa: gulbi na cika, karanta na ƙara tsawo, kanta na bisa ruwa. Sau ɗaya su ke nomawa a shekara.

Yanzu an sami noman rani. Ruwa a fadama ba shi da zurfi, sai a kafa bututu cikin ƙasa, a ɗaura injin ban ruwa, ya jawo ruwa zuwa fangali. Waɗansu injuna da fetur su ke aiki, waɗansu da hasken rana. Ta haka mutum ya kan noma shinkafa sau biyu a shekara, ya kuma sa albasa da tumatir da barkono. Samari da yawa da dā su kan tafi cin rani da kaka ta wuce, yanzu suna da aikin yi a gida.

Cikin watan Nuwamba na 2015 Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya zo Jihar Kebbi ya buɗe wani shiri na Babban Bankin Nijeriya na ba manoman shinkafa rancen iri da taki da kayan aiki. Shirin ya yi 'yan shekaru, daga baya bankin ya dakatar da shi. An kuma kafa manyan injunan casar shinkafa: na Labana a Birnin Kebbi, da na WACOT a Argungu wanda aka buɗe cikin 2017. Ambursa tana tsakiyarsu.

Amma ruwan da ke ba da abinci shi ke cinye shi. A can sama an datse gulaben biyu: madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, da madatsar Goronyo a kan Rima. Shekarar da ruwan sama ya yi yawa, gulbi ya kan tumbatsa ya rufe gonaki. An ga haka cikin 2010, da 2012, da 2020, shinkafa mai yawa ta nutse, gidajen da ke kwari suka rushe.

A nan karatunka zai yi maka rana. In hukuma ta fid da sanarwa a kan ruwa, karanta ta, ka gaya wa maƙwabta. Kada ka gina ɗaki ko rumbu inda tsofaffi suka ce ruwa ya taɓa kaiwa. In ka sayi maganin feshi, karanta abin da ke jikin kwalba kafin ka dama, ka kuma ajiye shi inda yara ba su kaiwa. In an miƙo maka takardar rance, kada ka dangwala yatsa sai ka san nawa ka karɓa, nawa za ka biya, kuma yaushe. Bashi ba kyauta ba ne, ko daga hannun wa ya fito.

8. Filin jirgin sama

Abu na biyu da Ambursa ke da shi, wanda garuruwa da yawa da suka fi ta girma ba su da shi, shi ne filin jirgin sama.

Ran 27 ga Agusta, 1991, aka yanke Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato, aka mai da Birnin Kebbi babban birninta. Jihar tana da masarautu huɗu, watau Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, da ƙananan hukumomi 21. Babban birni yana bukatar inda jirgi zai sauka, jirgi kuwa yana son fili mai faɗi, shimfiɗaɗɗe, wanda ruwa ba ya kwanciya a kansa. Aka sami irinsa a tudun Ambursa. Zamanin Gwamna Sa'idu Ɗakingari, wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015, aka gina filin yadda manyan jirage za su iya sauka. Aka sa masa sunan Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa, wanda aka kashe cikin Janairu 1966.

Daga nan maniyyatan Jihar Kebbi ke tashi. Cikin watan Mayu na 2024, jirgin farko na alhazan Nijeriya duka daga wannan fili ya tashi, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya zo ya sallame su.

Gwada wannan da tafiyar mutanen dā. Mai niyyar Makka ya kan sallami iyalinsa kamar ba zai komo ba. Ya bi ta Kano da Barno, ya ratsa ƙasar Cadi da Sudan, yana tsayawa yana ƙodago don ya sami guzuri, har ya kai bakin Bahar Maliya ya shiga jirgin ruwa. Waɗansu su kan yi shekaru a hanya, waɗansu su zauna Sudan ke nan, jikokinsu na can har yanzu. Yau kuwa mutum ya karya kumallo a Ambursa, kafin dare yana ƙasar Saudiyya.

Dā don a tare hanya aka zauna garin nan. Yanzu ta nan a ke fita zuwa duniya.

9. Asibiti da makaranta da sauransu

Ambursa mazaɓa ce cikin ƙaramar hukumar Birnin Kebbi, tana cikin masarautar Gwandu. Cikin gari akwai kasuwa da masallacin Juma'a da makarantun allo da na boko da wurin shan magani. Abin da ya fi ƙarfin waɗannan, sai a tafi Birnin Kebbi, tun da ba nisa.

A Birnin Kebbi akwai asibitin tunawa da Sir Yahaya, wanda aka sa wa sunan Sarkin Gwandu Yahaya da ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1954. Akwai kuma babban asibitin Gwamnatin Tarayya. Kusanci ba ya amfani in ba a tashi da wuri ba. Mace mai ciki a kai ta awo tun ciki na ƙarami. Yaron da zazzaɓi ya kama, kada a jira sai ya fara suma. Garin da ke bakin fadama ba ya rabuwa da sauro, don haka gidan sauro ya zama wajibi ga kowane ɗaki. Yaron da ke wanka a ruwan kwance, in ka ga jini cikin fitsarinsa, tsargiya ce, tana da magani a asibiti.

Wajen ilmi kuma, akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa cikin 2013. A Argungu akwai kwalejin horon malamai ta Adamu Augie. A Aliero akwai jami'ar jiha. Yaron Ambursa yana iya yin karatu tun daga aji ɗaya har ya gama jami'a bai bar ƙasarsu ba. Amma ba mai shiga jami'a sai wanda ubansa ya kai shi aji ɗaya, ya kuma bar shi ya zauna. Wannan ya shafi 'ya'ya mata kamar yadda ya shafi maza. In kana son likita mace ta duba matarka, sai wani ya bar 'yarsa ta yi karatu.

Wutar lantarki kuma daga madatsar Kainji a kan Kwara, wadda aka gama cikin 1968, aka jawo babbar waya zuwa Birnin Kebbi. Daga nan aka ja wata har Yamai ta ƙasar Nijar.

In ka sami sarari, tafi Argungu ka shiga gidan tarihi na Kanta. Tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce. Za ka ga masu da takubba da kwari da baka da tambura, irin waɗanda aka yi yaƙin da muka ba ka labari da su. Gani ya kori ji.

10. Aikin da ya rage gare ka

Ka lura, labarin da muka ba ka yawancinsa na sarakuna ne, gama su aka rubuta. Talakan da ya ɗebo ƙasar ganuwa a kansa, da matar da ta daka wa mayaƙa guzuri, da masuncin da ya haye da mutane cikin dare, ba wanda ya rubuta sunansu. Labarinsu yana bakin tsofaffi, tsofaffi kuwa kullum raguwa su ke yi.

Kai yanzu ka iya karatu da rubutu. Sayi ɗan littafin rubutu da alƙalami. Bayan sallar la'asar je ka gai da dattijon unguwarku, ka zauna ƙasa, ka ce, "Baba, na zo neman sani ne." Tambaye shi daga ina kakanninku suka zo, me ya kawo su, ina ƙofofin gari su ke a dā, ta ina ganuwa ta bi, wace shekara aka yi yunwa, wace shekara ruwa ya ci gari, har ina ya kai. Je ka wajen tsofaffin mata kuma, ka ce, "Inna, ba ni labarin gidanmu," gama su suka fi riƙe dangantaka. Rubuta abin da aka gaya maka yadda aka faɗa, ka sa sunan mai faɗi da ranar da ya faɗa. In mutum biyu sun saɓa, rubuta maganar kowa, kada ka zaɓi wadda ta yi maka daɗi.

In kuwa ka tarar kakanka ya yi yaƙi da kakan maƙwabcinka, wannan ba abin riƙo ba ne. Jikokin Kabawa da na mutanen Gwandu yau kasuwa ɗaya su ke ci, fadama ɗaya su ke noma, sun yi auratayya, jirgi ɗaya ke ɗaukarsu. An rubuta tarihi don a san tsadar zaman lafiya, a riƙe shi da kyau.

Ko ba Ambursa ka ke ba, garinku ma yana da dalilin da ya sa aka kafa shi inda ya ke: ko rijiya, ko mashigi, ko kasuwa, ko tsoron hari. Nemi dalilin, ka rubuta, ka ajiye wa 'ya'yanka.

Tamat.